Ka riƙe matsayi ɗaya ko ka iya ko'ina? Zaɓin da ke gaban ɗan gem a Kano

Duk wanda ya kwana biyu yana buga PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, Free Fire ko Mobile Legends tare da abokai, wata rana sai ya zo mararraba. Ya wuce lokacin harbi barkatai ana dariya, ya fara son a ce tim ɗinsu ta ɗauki wani abu, ko da gasar unguwa ce wadda ake karo-karon kuɗin shiga a tura wa zakara kati. A nan tambayar take tasowa: ya kama aiki ɗaya a cikin tim ya lazimce shi har a san shi da shi, ko kuwa ya zama mutumin da duk inda aka samu giɓi shi ake turawa ya toshe? Gardama ce da ake yi tun daga bencin masu caji a Kurna har ɗakunan kwanan ɗalibai a BUK, kuma mafi yawan lokaci masu yin ta ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Mai kushe "ɗan abu ɗaya" yawanci yana nufin yaron nan da bai iya komai ba sai jarumi guda (ɗan cikin gem da mutum ke sarrafawa) ko bindiga guda. Mai kare shi kuwa yana nufin wanda ya riƙe matsayi guda a fili. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya. Dubi Faker, ɗan Koriya ta Kudu, wanda a League of Legends ba a sa kowa a gabansa. Tun 2013 da ya fara buga wa ƙungiyar da yanzu ake kira T1, layin tsakiya, wato hanyar tsakiyar taswira, yake riƙe da shi, kuma daga wannan layin ya ɗauki kofin duniya a 2013, 2015 da 2016, ya dawo ya sake ɗauka a 2023 da 2024. Amma a cikin layin nan guda ya buga jarumai gommai, masu sihiri daga nesa, masu kisan sari-ka-noƙe, har da waɗanda aikinsu kare abokai ne. Wurin zamansa bai sauya ba, kayan aikinsa ne ba sa ƙarewa. Saboda haka idan na ce "riƙe matsayi ɗaya", wannan nake nufi. Riƙe jarumi ɗaya tak wani abu ne daban, kuma ba na ba kowa shawararsa idan ya wuce matakin koyo.

Abin da ya sa na fi karkata ga matsayi ɗaya, musamman ga mai tasowa, lissafin lokaci ne. Ɗan gem a Kano ba shi da yini guda a gaban waya kamar waɗanda ake biya albashi a Seoul ko Jakarta. Da safe makaranta ce ko shagon oga a Kwari ko Farm Centre, da yamma wataƙila Islamiyya, sai bayan isha'i yake samun kansa, shi ma idan akwai caji, akwai data, sabis kuma bai yi halin nasa ba. A ce yana da awa biyu. Mobile Legends matsayi biyar gare shi: layin zinare, layin EXP, tsakiya, daji, da mai yawo, jarumai kuma sun haura 120. Wasa guda, idan aka haɗa da jiran abokan karawa da zaɓen jarumai, yakan ci kusan minti ashirin. Ka raba awa biyun nan gida biyar, kowane matsayi wasa ɗaya zai samu a dare. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Kuma abin da ake koya a matsayi ɗaya ya wuce saurin yatsa. Ɗauki mai daji. Mai kallo daga gefe gani yake aikinsa kashe dodanni ne ya tara kuɗi. Wanda ya daɗe a ciki ya san rabin aikin kallon agogo ne: yaushe dodon nan kunkuru zai fito, jini nawa ya rage wa babban dodo Lord kafin ya danna Retribution, bugun da ake ƙarasa dodo da shi, don kada a ƙwace masa a baki, ina mai dajin abokan gaba yake a daidai wannan lokacin da ba a ganinsa a taswira. Zai ga nasu na layin EXP ya matsa gaba da yawa, sai jikinsa ya ba shi cewa ana nan tafe a rufe shi, ya juya tun kafin a kira shi. Wannan ba a karanta shi a bidiyon YouTube. Sai mutum ya shiga yanayi iri ɗaya sau da yawa, an ci shi ta hanya iri ɗaya har ya gaji, sannan ido yake buɗewa.

Haka abin yake a Hardpoint na Call of Duty Mobile, wasan da ake samun maki ta hanyar riƙe wani wuri a taswira. Wurin da ake riƙewa yana sauyawa, kuma inda 'yan tim za su sake fitowa bayan an kashe su ya danganta da inda 'yan'uwansu da abokan gaba suke tsaye. Mai riƙe baya aikinsa ke nan: ya bar faɗan da ake yi yanzu, ya je ya tsaya a lungun da zai sa tim ɗinsa ta riƙa fitowa kusa da wuri na gaba. A ƙarshen wasa kisansa kaɗan ne, wanda bai san dawan garin ba sai ya ce shi ne ya ja su baya. Mutumin da yau yana nan gobe yana can ba zai taɓa haddace waɗannan lunguna a kowace taswira ba.

Sai maganar amana. Tim ɗin da kowa ya san gidansa surutunta kaɗan ne. Mai kutsawa yana shiga ɗaki ba ya waiwaye, domin ya san akwai mai rufa masa baya da hayaƙi da magani. Sannan akwai kasuwa. Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan gem ya san yadda ake cigiya: "muna neman snaifa", "muna neman mai yawo". Ban taɓa ganin an rubuta ana neman wanda ya ɗan iya komai da komai ba. Suna yana fita ne da abu guda.

To, ina matsalar take? Ta farko tana jiran mutum a matakin Epic na Mobile Legends, inda ake fara zaɓe bi da bi da rufe jarumai, wato hana ɗaukarsu a wasan. Yaron da ya hau da jarumi ɗaya tun daga matakin farko na Warrior, ranar da aka rufe masa shi ko abokan gaba suka riga shi ɗauka, sai ka ga kamar ba shi ba. A gasar gari abin ya fi muni, domin an san juna. Kano da girmanta, masu buga gasa da gaske ba su da yawan da za a ɓoye wa juna. Idan an san kai jarumi Ling kawai ka iya, to kafin a fara an gama da kai.

Ta biyu daga kamfanonin take. Riot Games na sabunta League of Legends kusan duk mako biyu, su rage wa wannan ƙarfi su ƙara wa wancan, Moonton mai Mobile Legends da sauran ma haka suke yi. Wani lokaci ba jarumi kaɗai abin ke shafa ba, matsayi ne sukutum. A Overwatch, daga 2018 zuwa 2019, wani salo da aka yi wa laƙabi da GOATS ya mamaye gasa: tanki uku (masu shan duka a gaba), masu tallafi uku, babu mai harbi ko ɗaya. Gwanayen harbi da aka saya da tsada, wasu benci suka koma, wasu aka tilasta musu buga jaruman da ba nasu ba. Sai da Blizzard mai gem ɗin ta kafa doka a 2019 cewa dole kowace tim ta fito da tanki biyu, masu harbi biyu, masu tallafi biyu, sannan suka dawo da numfashi. Wannan labari kaifi biyu gare shi. Ya nuna mai matsayi ɗaya yana iya wayar gari babu aikinsa, ya kuma nuna cewa kamfanonin da kansu sun fi son a riƙa samun matsayi tsayayye. A 2025 kuma manyan gasannin League of Legends suka koma tsarin da jarumin da aka buga a wasa ɗaya ba a sake ɗaukarsa har a gama karawar. Idan karawa ta kai wasa biyar, jarumai da yawa sun riga sun fita daga lissafi. Wannan tsari bai taɓa mai matsayi ɗaya ba, mai jarumi ɗaya ya kashe wa kasuwa.

Ta uku ita ce tamu ta gida, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi: tim ɗinmu ba ta cika cika ba. Wani dare na zauna kusa da wasu samari a wani shagon caji a Ɗorayi, suna da wasan gasa a PUBG. Su huɗu ne a rajista, uku ne a kan benci. Na huɗun, wanda shi ne ke ba su umarni, an ɗauke musu wuta tun la'asar, wayarsa ta mutu, sai saƙo ya aiko ta wayar yayarsa cewa su yi haƙuri. Suka jawo ƙanin ɗayansu ya cike gurbi. Aka sauka a taswirar Erangel, kaya suka yi kyau, snaifansu ya samu bindigar nesa Kar98k da madubi, ya haye tudu ya kwanta. Mai kutsawa ya kwantar da mutum biyu a wani gida, shagon ya kaure da ihu. Can sai allon ɗayansu ya fara yin shuɗi.

"Kai, wa ke kallon zon ne?"

"Ai na ɗauka kai ne, mutumina."

"Mota fa? Babu wanda ya ajiye mota?"

Babu. Da'irar da ke tsukewa, wadda duk wanda ke wajenta shuɗin ke cinye masa jini, ta koma can wani ɓangare na taswirar, su kuma a ƙafa suke. Suka yi ta gudu suna shan magani, biyu suka faɗi a cikin shuɗin, sauran biyun suna fitowa aka tsince su kamar ƙwarya a ruwa. Kowannensu gwani ne a abin da ya iya. Aikin da babu mai shi ne ya kashe su, kuma aiki ne da kowane ɗayansu zai iya koya da ya taɓa sa kansa.

A nan ne mai iya ko'ina yake da daraja, kuma manyan misalai suna goyon bayansa. A ƙarshen 2018 ƙungiyar G2 ta Turai, a League of Legends, ta ɗauko Caps, gwanin layin tsakiya, alhali tana da nata gwanin, Perkz. Maimakon a yi ta ja-in-ja, Perkz ya bar masa tsakiya ya koma layin ƙasa. A 2019 suka ci gasar MSI ta tsakiyar kaka, suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya, inda FunPlus Phoenix ta China ta doke su. Abin da ya wahalar da abokan karawarsu shi ne idan G2 ta ɗauki jarumi, ba a san wa zai buga shi ba, balle a san da me za a tare shi. A Dota 2 ma, N0tail na ƙungiyar OG ya bar matsayin mai tara kuɗi don kai hari ya koma mai tallafi a 2018, lokacin da wasu 'yan wasansu suka tafi gab da babbar gasa, kuma OG ta ɗauki wannan babbar gasa, The International, a 2018 da 2019 a jere, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin su.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Wanda ya taɓa buga daji ya san abin da mai daji yake tsoro, don haka idan ya koma tsakiya ya san lokacin da zai taimaka masa da lokacin da zai yi hattara. Wanda ya taɓa zama snaifa ya san tagogin da ake leƙowa, ba ya ratsa fili a miƙe. Shi ya sa kyaftin nagari kusan kullum mutum ne da ya zaga. Ba zai ce wa mai kutsawa ya yi abin da ba ya yiwuwa ba, domin ya taɓa tsayawa a wurin.

Sai dai a lura da abu ɗaya game da Perkz da N0tail: kafin su sauya, kowannensu ya riga ya kai ƙololuwa a matsayin da ya bari. Perkz ya ci kofunan Turai a tsakiya kafin ya matsa.  Zurfin da suka yi a wuri ɗaya shi ne guzurin da suka tafi da shi wuri na biyu. Yaran da ke kafa hujja da su don su riƙa tsalle daga wannan matsayi zuwa wancan duk dare, sun ɗauki ƙarshen labarin sun bar farkonsa.

Mai iya ko'ina yana da wata matsala kuma wadda ba ta cikin gem, ta zaman tare ce. A kowace tim akwai mai sauƙin kai. An shiga zaɓe, mutum uku na rigima a kan daji da layin zinare, shi kuma sai ya ce, "Ku ɗauka, ni zan buga abin da ya rage." Abin da ya rage kuwa kullum ɗaya ne: tanki ko mai yawo. Bayan wata shida ya zama mai yawon tim ba tare da ya taɓa zaɓa ba, bai zauna ya nazarci aikin ba domin a ransa na wucin gadi ne, abin da yake so kuma hannunsa ya yi sanyi a kai. Ranar da aka samu wanda ya fi shi a yawo, shi za a fara ajiyewa. Masu zuwa gidan kallo sun san irin wannan a labarin Mikel Obi. A gasar matasa ta duniya ta 2005 yana gaba yana rarraba ƙwallo, shi ne na biyu bayan Messi a jerin gwanayen gasar. Da ya je Chelsea a 2006, Mourinho ya mayar da shi mai tare gaban 'yan baya. Ya ɗauki kofuna, har da na Zakarun Turai a 2012, amma har yau ana gardamar lamba goman da Najeriya ta rasa. Shi dai Mikel ya rungumi sabon aikin ya ƙware a kai, albashi kuma yana shiga. Mai sauƙin kan namu ba kofi ba albashi, sai "Allah Ya saka da alheri".

Nauyin kowane ɓangare yana sauyawa gwargwadon gem ɗin da ake magana. A Mobile Legends, League of Legends da Dota 2, matsayi a gine yake cikin wasan: kuɗi da ƙwarewar da ke taswira ba sa isar kowa, dole wani ya ci wani ya haƙura, kuma an rufe zaɓe tun kafin a fara. Nan riƙe matsayi ɗaya ya fi biya nesa ba kusa ba. A PUBG Mobile kuwa matsayi yarjejeniya ce kawai tsakanin mutum huɗu, wasan bai san da ita ba. Bindigar snaifa AWM sai a akwatin da jirgi ke jefowa ake samunta, Kar98k ma ba kullum ake dacewa ba. Snaifan da ya sauka bai tsinci komai ba sai bindigar kusa UMP45, ko ya iya faɗan kusa ko ya zama kaya. Da'irar ƙarshe kuma ba ta tambayar kowa matsayinsa. Tim goma sha shida a fili, maki na zuwa daga kisa da kuma daɗewa a raye, wanda duk ya rage shi ne komai. Free Fire ya fi haka ma, mutum 50 ne, wasan gajere, faɗa na zuwa da wuri, kuma wanda bai iya dasa bangon kariya na gulu cikin ƙiftawar ido ba, sunan matsayinsa ba zai cece shi ba. Call of Duty Mobile yana tsakiya. A Search and Destroy rai ɗaya gare ka a kowane zagaye, snaifa ɗaya nagari yana iya rufe hanya guda shi kaɗai, amma gasa ba ta tsayawa a nan, za a koma Hardpoint, inda ake bukatar ya ajiye doguwar bindiga ya shiga turmutsitsi.

Yanzu ga abin da bidiyoyin ƙasashen waje ba za su gaya maka ba: wayarka da sabis ɗin unguwarku suna da ƙuri'a a wannan zaɓe. Idan ping ɗinka, wato ma'aunin jinkirin sabis, yana haura 100, duk abin da ka danna sai ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye kafin ya je saba, kwamfutar da ke tafiyar da wasan, ya dawo. A faɗan kusa wannan rai ne. Shi ne abin nan da kake ganin ka riga ka shige bayan bango amma ka faɗi, domin a wurin saba ba ka kai ba tukuna. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, waya tana ɗaukar zafi ta rage gudun kanta don kada ta lalace, hoto ya fara tsalle daidai lokacin da hayaƙi da gurneti suka cika allo. Mai irin wannan waya da ya nace sai ya zama Fanny ta Mobile Legends, jarumar da ke shawagi da igiyoyi, wadda kuskuren ƙiftawa ɗaya ke jefa ta tsakiyar abokan gaba ba kuzari, wahalar da kansa kawai yake. Tigreal ko Estes sun fi yafiya. A PUBG, tuƙa mota, jefa hayaƙi, tayar da wanda ya faɗi, harbi daga matsakaicin nesa da Mini14, da karanta da'ira, duk ayyuka ne da kai ya fi yatsa muhimmanci a cikinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin ka je Beirut Road ka ƙarar da ajiyarka a kan sabuwar waya don ka zama mai kutsawa, tambayi kanka ko tim ɗinku ma tana da mai karanta mata taswira.

Wannan ma hujja ce ta barin tsalle daga matsayi zuwa matsayi: mai ƙaramar waya ba duk matsayi ne a buɗe gare shi ba ko da yana so, gara ya zuba ƙarfinsa inda na'urarsa za ta iya raka shi.

Sai tambaya ta ƙarshe kafin hukunci: da wa kake bugawa? Idan kai kaɗai kake shiga ana haɗa ka da baƙi, ba ka da ikon cewa kullum sai naka. League of Legends tun 2016 take barin mutum ya zaɓi matsayi biyu, na farko da na biyu, kuma duk da haka wani lokaci sai ta jefa shi inda bai zaɓa ba. A Mobile Legends duk mun ga wasan da aka yi asararsa tun a zaɓe, mutum biyu sun ɗauki Retribution kowa ya ƙi janyewa. Mai buga shi kaɗai dole ya sami mafita ta biyu. Wanda ke da tsayayyar tim, mutanen da suka san juna suna haɗuwa a kai a kai, shi ne ke da damar ya nutse a wuri ɗaya, da sharaɗin tim ɗin ta tanadi abin da za ta yi ranar da wani bai zo ba.

Ga inda na tsaya. Idan ba ka kai shekara kana buga gasa ba, ko kana ganin matakinka ya tsaya cak, kama matsayi ɗaya. Zaɓe shi da la'akari da halinka da wayarka, ba don shi ne ake yanka bidiyonsa a TikTok ba. A cikinsa ka mallaki jarumai uku masu hali daban-daban: wanda hannunka ya fi sabawa da shi, wanda ba a cika rufewa ba, da wanda ke maganin abin da ya saba ba ka wahala. A wasannin harbi, bindigar nesa ɗaya da ta kusa ɗaya, kowacce ka san yadda take harbawa sama idan ka riƙe ta. Kashi mafi yawa na lokacinka ya tafi nan.

Bayan ka zauna da gindinka, ƙara matsayi na biyu, amma maƙwabcin na farko, don abin da ka koya ya bi ka. Mai daji ya koyi layin EXP, domin akwai mayaƙan da ke buga duka biyun. Mai tsakiya ya koyi yawo, dukansu idonsu na kan taswira ne. Snaifa ya koyi leƙen hanya da tuƙi. Mai kutsawa ya koyi aikin hayaƙi da tayar da mutum, tunda ya fi kowa sanin lokacin da ake bukatarsu. Na uku da na huɗu ka san su daidai gwargwadon da ba za ka kunyata ba idan ta kama, ka tsaya nan.

Mutum biyu ne na cire daga wannan shawara. Na farko kyaftin. Idan kai ne ke magana a tim, zagayawa wajibi ce a kanka, ko da za ta rage maka ƙyalli, kuma ka koya wa mutum ɗaya aƙalla yadda ake yanke shawarar inda za a nufa, don kada abin da ya sami samarin Ɗorayi ya same ku. Na biyu ɗan benci. Manyan ƙungiyoyi suna ajiye shi, mu da wuta da data ke yi wa yankan ƙauna mun fi su bukatarsa. Tim mai mutum huɗu ta nemi na biyar, mai biyar ta nemi na shida, ya zama mai iya matsayi biyu ko uku, kuma a yi masa adalci: a sa shi a wasannin atisaye, idan an ci wani abu a raba da shi. In ba haka ba wata tim za ta ba shi gida ya tafi.

Idan kuma ka riga ka riƙe matsayi kana tunanin sauyawa, duba dalilin. Rashin nasara na dare uku ba dalili ba ne, haka ma don an rage wa jaruminka ƙarfi, wannan sauya jarumi yake bukata. Dalili shi ne tim ta samu wanda ya fi ka a wurin kuma kana son zama da su, ko ka kalli wasanninka da aka naɗa ka ga shawararka daidai take amma hannu ko waya ba sa cika maka. In haka ne, ka gaya wa 'yan tim tun da wuri, ka bari kakar ta ƙare, ka fara gwajin a Classic, wasan da ba na hawa mataki ba, inda tauraron kowa ba ya zuba, kuma kada ka yi rajistar wata gasa da sabon matsayin sai kun buga atisaye da shi tare.